Kwana biyu a jirgin ruwa tsakanin tsibiran Whitsunday: ni aka wulaƙanta ko ni na yi laifi?

Mai Jakar Goyo:
Assalamu alaikum jama'a. Na yi alkawarin in na dawo zan ba ku labarin tafiyar tsibirai, to ga ni. Sai dai labarin ya zo da ƙorafi, kuma so nake ku yi mini alƙalanci tsakani da Allah.

Daga Airlie Beach muka tashi, wani ɗan gari ne a gaɓar jihar Kwinsland ta Ostireliya, wanda kusan duk mai yawo da jakar goyo a gabashin ƙasar sai ya yada zango a cikinsa. Yini uku, kwana biyu, a jirgin ruwa mai tafiya da iska. Mu ashirin da 'yan kai ne, ga ma'aikata uku: kyaftin, yaronsa, da wata budurwa mai dafa abinci, wadda ita ce kuma ke sa ido a kanmu idan mun shiga ruwa. Ku riƙe budurwar nan a ranku, za mu dawo kanta.

Tun kafin mu taka jirgin aka karɓe takalmanmu aka zuba a buhu ɗaya, ba mu sake ganinsu ba sai za a sauka tudu. An hana shiga da jaka mai zif, wai kuɗin cizo na ɓuya a cikin zif ɗin, dole na juye kaya kaɗan a jakar yadi na bar babbar a masauki. Gadon da aka ba ni, ina kwance in na ɗaga gwiwa sai ta taɓa gadon sama. Wanka minti ɗaya ne, domin ruwan daɗin da ke tanki shi ne na sha, shi ne na girki. Ban-ɗaki kuwa na famfon hannu ne, sai ka yi ta bugawa kowa a jirgin yana jin ka. Duk wannan ban damu ba, na san ba otal na biya ba.

Daren farko wata ya cika, muka kwana a wani lungun ruwa tsit, na bar gadon na hau sama na kwanta a kan katako. Wallahi ban taɓa ganin dare irin wannan ba. Da safe aka sauke mu a Tongue Bay muka hau tudu ta cikin kurmi zuwa inda ake hango Hill Inlet, wurin da farin yashi da shuɗin ruwa suke murɗewa da juna kamar an dama. Daga nan muka gangara gaɓar teku ta Whitehaven. Tsawonta kilomita 7 ne, yashin fari fat, laushi kamar gari, yana ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ a ƙarƙashin ƙafa, kuma duk zafin rana ba ya ƙona tafin ƙafa. Nan kam gani ya kori ji.

Matsalar a wajen kallon ƙarƙashin ruwa ta faru, a wani lungu na tsibirin Hook. Aka ba mu tabarau na ruwa da bututun numfashi, aka tilasta mana sa wata baƙar riga mai matse jiki daga wuya har idon sawu. Na shiga ruwa ina tsammanin zan ga abin da na gani a hotunan talla. Ruwan ya ɗan yi duhu-duhu, rabin abin da ke ƙasa kuwa karyayyun murjani ne masu launin toka, kamar ƙasusuwa. Ana cikin haka ruwa ya cika mini tabarau, na shaƙa ta hanci, na rikice. Na ji wani dutse a ƙarƙashina na taka na miƙe don in gyara. Sai kawai budurwar nan daga cikin ƙaramin kwalekwale ta kwarma mini ihu a gaban kowa, wai in sauka daga kan murjani yanzu-yanzu. Garin sauka na yanke a ƙauri. Da muka koma jirgi ita ce ta wanke mini ciwon, tana dirzawa da ƙarfi kamar da gayya, tana kuma yi mini wa'azi.

Tambayata biyu ce. Na ɗaya, mutum yana neman nutsewa, dutse ya fi ransa ne? Na biyu, ba yaudara ba ce a nuna maka lambu a hoto ka je ka tarar da kufai?

Ɗan Koli:
Wa alaikumus salam. Ni tun farko na ce maka asarar kuɗi ce. Ka biya daloli masu yawa an ƙwace maka takalmi, an sa ka a akwati ka kwana, an hana ka wanka, a ƙarshe yarinya ta yi maka tsawa. Da a otal ka zauna ka kalli tekun ta taga, ai da ƙaurinka lafiya lau.

Uwar Tagwaye:
Sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin a shiga alƙalanci, ya ciwon? Ka nuna wa likita?

Mai Jakar Goyo:
Da sauƙi Yaya. Ya yi ja ya kumbura na kwana biyar, yanzu ƙaiƙayi kawai yake.

Malamin Halittu:
Sannu da dawowa ɗan'uwa. Zan fara da dirzar da ka ce an yi maka da gayya, domin a nan ne ka fi zaluntar yarinyar. Yankan murjani ba kamar yankan wuƙa ba ne. Yana barin ɓurɓushin ƙashinsa da majinar jikinsa a cikin naman mutum, in ba a dirje an fitar da su da ruwa mai tsabta da sabulu ba, ciwon ruɓewa yake yi. Da ta shafa maka a hankali don kada ka ji zafi, da yanzu wani labarin kake ba mu.

Sannan abin da ka taka ba dutse ba ne. Murjani dabba ce. Ƙananan halittu ne dubbai, kowace kamar ɗan mitsitsin baki mai gashi, suna gina wa kansu gida na alli suna zaune a samansa. Fatar mai rai siririya ce ƙwarai, a saman kawai take. Irin dunƙulallen nan mai kama da dutse, wanda na tabbata shi ka taka tunda ya ɗauki nauyinka, a shekara guda abin da yake ƙaruwa bai wuce kamar santimita 1 ba. Ke nan wanda ya kai mutum ya tsaya a kansa ya girme ka, wataƙila ya girmi kakanka.

Mai Jakar Goyo:
Malam na ji, amma ai ban sani ba. Kuma na gaya maka ruwa na shaƙa.

Malamin Halittu:
Ba a yi muku bayani ba kafin ku shiga?

Mai Jakar Goyo:
An yi. Gaskiya lokacin ina kokawa da rigar nan, ƙafa ɗaya ta shiga ɗaya ta ƙi.

Ba Ruwana:
Hhhhh shari'a ta ƙare. Mai ƙara ya ba da shaida a kan kansa. A tashi kotu.

Uwar Tagwaye:
A'a, kada ku taru a kansa. Ni ina ganin yana da gaskiya ta wani gefen. Mutumin da ya firgita a ruwa ba ya tunanin shekarun dutse. Ko me ya samu kamawa zai yi. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta matso da kwalekwalen ta miƙa masa abin riƙewa, in an koma jirgi ta ja shi gefe ta yi masa magana. Tsawa a bainar jama'a ga baƙon da ya biya kuɗinsa ba tarbiyya ba ce.

Sarkin Yawo:
Hajiya ki yi haƙuri, a ruwa babu jan mutum gefe. Tana da mutum ashirin a warwatse, kowa kansa a ƙasa, kunnuwansu cikin ruwa, ga ƙarar inji. In ba ta ɗaga murya ba ba zai ji ba. Kuma da zarar mutum ɗaya ya miƙe tsaye, sauran da suka gaji sai su ce ashe ana tsayawa, kafin ka ankara mutum biyar sun hau. Na ga haka da idona. Ba shi kaɗai take yi wa tsawar ba, da sauran take.

Tambayar da zan yi masa ita ce: an ba ka rigar da ke hana nutsewa ko sandar soson nan da ake rungumewa?

Mai Jakar Goyo:
An miƙo mini sandar, na ce a'a. Duk 'yan matan da ke jirgin ba wadda ta karɓa, ni ne zan rungumi soso kamar yaro?

Sarkin Yawo:
To ka gani. Ba ruwan ne ya ci ka ba, girman kai ne.

Autar Mata:
Don Allah ku bar shi haka ya sha iska. Ni tambaya gare ni, domin ina shirin irin wannan tafiyar kuma ban iya iyo ba ko kaɗan. Ruwa in ya wuce ƙirjina hankalina tashi yake. Mai irin halina zai iya, ko in haƙura in zauna a jirgi ina kallo?

Sarkin Yawo:
Za ki iya ƙanwata, da sharaɗi ɗaya: ki faɗa musu gaskiya tun a takardar da za ki cike, ki sake faɗa wa mai sa ido da bakinki. Ba abin kunya ba ne, kullum suna samun irinki. Za su sa miki rigar da ke ɗaga mutum, su ba ki sandar soso, wani lokaci ma su ce ki riƙe igiya a jikin kwalekwale su ja ki a hankali. Ruwan gishiri yana ɗaga jiki fiye da ruwan daɗi, in kin kwanta rub da ciki kin saki jikinki ba za ki nutse ba.

Amma kada ranar farko da za ki sa tabarau da bututu ta zama a tsakiyar teku. Ki gwada a wurin da ƙafarki ke taɓa yashi. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne numfashi ta baki kawai, hanci a toshe. Minti goma na farko jikinki zai ce miki ana shaƙe ki ne, daga nan sai ya saba. In ruwa ya shiga bututun, ki fesar da shi da ƙarfi kamar mai tofar da ƙwallo. In ya shiga tabarau, ki juya ki kwanta rigingine, ki ɗaga ƙasan tabaran ruwan ya zube. Abin da ya kamata mutuminmu ya yi ke nan maimakon neman tudu. In gilashin yana yin hazo, ki tofa masa yawu ki goge ki ɗauraye kafin ki sa. Na san da ƙyama, amma yana aiki.

Kai kuma Mai Jaka, kana da gashin baki ko?

Mai Jakar Goyo:
Ina da shi, me ya faru?

Sarkin Yawo:
Shi ya sa ruwa ya cika maka. Robar ba ta kama fata in gashi ya shiga tsakani. Ko ka rage shi daga ƙarƙashin hanci, ko ka shafa masa ɗan man Vaseline.

Ba Ruwana:
Ashe gashin baki ne ya jawo rikicin ƙasa da ƙasa.

Malamin Halittu:
Bari in dawo kan tambayarsa ta biyu, domin a nan yana da abin faɗa, ban ce ba shi da shi ba. Kufan da ya gani gaskiya ne. A ƙarshen Maris na 2017 guguwar Debbie ta bi ta kan tsibiran nan da ƙarfin gaske, ta kuma daɗe tana juyawa a wurin saboda tafiyarta a hankali take. Igiyar ruwa ta kakkarya murjani masu rassa a lunguna da dama, musamman waɗanda ke fuskantar inda ta fito. Wasu wuraren sun fara farfaɗowa, wasu har yanzu tarin karyayyu ne. Duk hoton da aka ɗauka kafin 2017, hoton wani wuri ne daban ko da sunan bai canja ba.

Ban da guguwa akwai zafin ruwa. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ne ke ba shi launi, su ne kuma ke samar masa da mafi yawan abincinsa daga hasken rana. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da kamar digiri 1 kacal ya kuma daɗe makonni a haka, sai murjanin ya kore su ya koma fari. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa yake ji, in zafin bai sauka ba ya mutu. Babban shingen murjani na Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, ya sha wannan a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ku dubi yadda tazarar take raguwa.

To a wurin da abin da ya rage da rai kaɗan ne, kana ganin mai tsaron wurin za ta yi dariya in ta ga mutum tsaye a kan wanda ya tsira?

Ɗan Koli:
Malam ka ƙara ƙarfafa maganata ne ai. Tunda sun san wurin ya lalace tun 2017, me ya sa ba su cire hotunan ba? Ni ɗan kasuwa ne. In na nuna maka samfur na ba ka wani abu daban, sunansa algus, ko a tudu ko a teku.

Malamin Halittu:
A wannan ban musa maka ba. Wasu hotunan ma ba na tsibiran ba ne sam, na can wajen shingen ne, irin su Hardy Reef, inda ruwa ya fi haske saboda nisansa da gaɓa. Murjanin da ke manne da tsibiran iri ne daban, ruwansa kuma yana ɗauke da laka. Wanda ya sayar maka da tikiti a kanti ba lallai ya bambance maka ba.

Mai Jaka, wane wata ka je?

Mai Jakar Goyo:
Fabrairu.

Malamin Halittu:
Kuma ka ce daren farko wata ya cika. To ka haɗa biyu. Fabrairu tsakiyar damina ce a can, koguna na zubo laka cikin teku. Sannan lokacin cikar wata da lokacin tsayuwar sabo, cikar teku da janyewarta sun fi ƙarfi, ruwa na gudu tsakanin tsibiran yana tayar da ƙasa. Watan da ya ba ka daren da ba za ka manta ba shi ne ya dagula maka ruwan da safe. Mai son ruwa garau ya nemi kwanakin da wata yake rabi, a watannin sanyinsu, wajen Yuni zuwa Satumba. A lokacin ne ma manyan dabbobin tekun nan masu doro da ake kira whale suke zuwa haihuwa a wurin.

Uwar Tagwaye:
Ikon Allah. Ni kuwa baƙar rigar nan da ya ce an tilasta musu, ta mece ce? Sanyi ake ji?

Sarkin Yawo:
Ba sanyi ba ne Hajiya, kariya ce daga wasu halittu masu harbi, jikinsu kamar leda a cikin ruwa. Daga wajen Nuwamba zuwa Mayu suka fi yawa. Akwai babba mai siffar akwati, akwai kuma wata ƙarama da ake kira Irukandji, girmanta bai wuce farcen ɗan yatsa ba, ba a ma ganinta. Harbin nata da farko kamar cizon sauro ne, sai bayan kamar rabin awa mutum ya fara ciwon baya mai tsanani, amai, zufa, jini ya hau. Shi ya sa za ki ga kwalbar ruwan khal a jiragen da bakin gaɓa, ana kwarara shi a wurin harbin kafin a nemi asibiti. Kina tsakiyar tsibirai, asibiti kuwa sai an kira jirgin sama. Rigar ba ta da kyan gani, kowa ya sa ta sai ya koma kamar ƙwaro, amma ban taɓa jin wanda ya san dalilinta ya ƙi sawa ba.

Autar Mata:
Ni rigar ma ta yi mini, tunda ta rufe jiki duka. Abin da ke damuna shi ne zaman jirgin. Na ji an ce wasu jiragen shaye-shaye da kiɗa ake yi har asuba. Gaskiya ne?

Mai Jakar Goyo:
Gaskiya ne, akwai su, kuma su ne suka fi araha. Namu tsaka-tsaki ne. Kowa ya zo da abin shansa, an dai hana kwalba, amma kyaftin na kashe kiɗa da wuri. Ni da wani ɗan Koriya da wasu mata biyu 'yan Jamus ba ma sha, sai muka koma gaban jirgi muna hira. Ki tambayi mai sayar da tikiti kai tsaye: mutum nawa jirgin ke ɗauka, kuma na biki ne ko na hutu. Ki kuma faɗi irin abincin da ba kya ci tun wajen biya, domin in an bar gaɓa babu kanti. Ni na rubuta ba na cin naman alade, kuma yarinyar nan ta ware mini nawa daban duk kwanakin, har da cokalin juyawa daban.

Uwar Tagwaye:
Yarinyar da ka kawo ƙara?

Mai Jakar Goyo:
Ita fa.

Uwar Tagwaye:
Kai ƙanena! Ta dafa maka naka daban, ta wanke maka ciwo, ta tsare ka a ruwa, ka zo nan kana neman mu tsine mata? Na janye rabin goyon bayana.

Sarkin Yawo:
Ni abin da ya sa nake kare ma'aikatan nan, na ga inda babu irinsu. Na yi tafiyar kwana uku yini huɗu a Indunusiya, daga Lombok zuwa Labuan Bajo a tsibirin Flores, ta Komodo. Jirgin katako ne mai inji, katifu a jere a sama ƙarƙashin rumfa, kowa ya kwanta kafaɗa da kafaɗa. Abin da na gani a ƙarƙashin ruwa a can ya fi na Whitsunday nesa ba kusa ba, wannan ba na ɓoyewa. Kifin manta mai faɗi kamar tabarma ya wuce ta ƙarƙashina har na manta da numfashi. Ga gaɓa mai yashi ruwan hoda, ga tudun Padar da ake hango lunguna uku a lokaci ɗaya, ga ƙadangarun Komodo da kan kai mita 3.

Amma a jirginmu ba wanda ya yi mana bayanin komai. Rigunan ceto na nan a ƙulle a wani akwati, ban san ko sun kai yawanmu ba. Daren da muka bi arewacin tsibirin Sumbawa igiyar ruwa ta yi ta jifa da mu, mutane na mirginawa kan juna, wata na kuka, ni kuwa duk addu'ar da na sani sai da na karanta. A wannan hanyar ce wani jirgin masu yawon buɗe ido ya nutse a Agustan 2014 kusa da tsibirin Sangeang, har wasu suka yi sa'o'i suna iyo kafin su kai tudu. Ruwan Komodo kuma yana da ja mai ƙarfi, ka shiga nan ka ɗago kai ka ga jirgi ya yi nisa. Rannan da na ɗago na ga ba mai kallona, da na samu wanda zai yi mini tsawa da na gode masa.

Ɗan Koli:
To kai ma ka ji. Wancan ya fi kyau ya fi araha amma za ka iya mutuwa, wannan ya fi tsaro amma murjanin ya mutu. Ni dai ina tudu.

Ba Ruwana:
Alhaji kai ko kwalekwalen wasan yara aka ce ka hau sai ka nemi ragi.

Malamin Halittu:
Maganar Sarkin Yawo ta tuna mini. Mai Jaka, ana ƙirga ku?

Mai Jakar Goyo:
Kamar awaki. Kafin a shiga ruwa, bayan an fito, kafin a tayar da jirgi. Har sa hannu muke yi a takarda. Abin ya ishe ni.

Malamin Halittu:
Yana da asali. A Janairun 1998 wani jirgi ya dawo daga shingen murjani a can arewa, wajen Port Douglas, ya bar wasu ma'aurata Amurkawa biyu a cikin teku, ba a lura ba sai bayan kwana biyu. Ba a same su ba. Bayan wannan ne Kwinsland ta tsaurara dokar ƙirga mutane. Haka maganar inda ake hana iyo. A Cid Harbour, inda jirage da yawa ke kwana, kifin shak ya ciji mutum uku a 2018, ɗaya ya rasu. In kyaftin ya ce kada a yi tsalle cikin ruwa a inda aka kwana, musamman da magariba, ba son hana jin daɗi ba ne.

Autar Mata:
Innalillahi. Malam ka sa na fara tunanin fasawa.

Sarkin Yawo:
Kada ki fasa. Inda ake kai ku kallon murjani daban, inda ake kwana daban. Abin da zai fi damunki ba shak ba ne, amai ne. Ki sha maganin jiri kamar awa ɗaya kafin a tashi, in kin bari sai zuciya ta fara tashi ya makara. Kada ki sauka ƙasan jirgi lokacin da ake tafiya, ki zauna a sama wajen tsakiya ki kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ki ajiye waya. Citta na taimakon wasu. Sannan bayan ƙafafu da wuya: mutum na kwance rub da ciki awa guda yana kallon kifi, rana na gasa shi bai sani ba.

Mai Jakar Goyo:
Wannan gaskiya ne. Kuma in faɗi abin da ban faɗa ba tun farko saboda haushi. Washegarin abin, da safe kafin mu juyo, an sake tsayawa a wani lungun. Na ce ba zan shiga ba. Yarinyar ta zo ta miƙo mini sandar soson ba ta ce komai ba, ta manna mini filasta mai hana ruwa a ƙaurin. Na karɓa. Wurin ya fi na jiya rai, akwai murjani masu laushi suna kaɗawa, da wasu manyan kifaye masu baki kamar na aku, har ƙarar gwaguyarsu nake ji ƙurus-ƙurus a cikin ruwa. Sai ga kunkurun ruwa ya taso daga ƙasa a hankali, ya zo dab da ni ya fitar da kai ya ja numfashi, na ji fitar iskar da kunnena, ya kalle ni da ido ɗaya ya koma. Ban motsa ba, ina rungume da sosona.

Ba Ruwana:
Soson yara?

Mai Jakar Goyo:
Shi fa. Ka bar ni.

Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da hotunan. Kuma da ta ce "don Allah".

Uwar Tagwaye:
Wannan kam ko ni na tsaya maka a kai.

Ɗan Koli:
Ni ba wanda ya amsa mini. Takalman da aka zuba a buhu, kowa ya samu nasa?

Mai Jakar Goyo:
Ɗan Koriyan ya sauka da ƙafa ɗaya nasa ɗaya na wani.

Autar Mata:
Malamin Halittu, na duba kalanda, hutuna zai faɗo ƙarshen Agusta. Yaya zan gane kwanakin da wata yake rabi a can, ko daidai yake da namu? Kuma Yaya Mai Jaka, in ka tuna sunan lungun da ka ga kunkurun ka turo mini.

Malamin Halittu:
Wata ɗaya ne a duk duniya, ranar cikarsa ba ta canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa sai da 'yan sa'o'i. Ki ƙirga kamar kwana bakwai bayan tsayuwarsa, ko kwana bakwai bayan cikarsa, ki nemi jirgin da zai tashi a tsakanin nan.

Mai Jakar Goyo:
Sunan ya ɓace mini, a arewacin Hook dai yake. Bari in duba bayan takardar da aka ba mu, ina jin kyaftin ya zana mana hanyar da biro.